Shekarar da Na Sa Ƙararrawa a Soro

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na ba ku labarin yadda na koyi gyaran rediyo, na ba ku labarin yadda muka samu gidan Fagge, har labarin aikin Hajjina na ba ku wanda ba wanda ya tambaye ni. To amma na gaji da ganin ana rage murya in na shigo ɗaki. Duk Sallah in kun taru, kai Auwalu da ke Zainab da 'ya'yanku, sai maganar Ummanku ta taso, sai wani ya ce ai da Baba bai cire ƙararrawar nan ba, sai a hango ni a bakin ƙofa a koma zancen tsadar shinkafa. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ni na sa ƙararrawar, ni kuma na cire ta da hannuna ina cikin hayyacina. Ba lalacewa ta yi na ƙi gyarawa ba, kamar yadda aka gaya wa jikoki don a rufa mini asiri. Ba na bukatar wannan rufin asirin. Ku karanta ku ji yadda aka yi, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Ciwon Ummanku a hankali ya shigo, har ban san ranar da zan ce ya fara ba. Yau a zuba gishiri sau biyu a miya, gobe a tsinci carbinta a cikin firij, mu yi dariya mu wuce. Ranar da dariyar ta tsaya mini ita ce ranar da na ji ta a tsakar gida tana cewa, "Auwalu bai dawo daga makaranta ba?" Auwalu, kai ka san wannan matar. Tun da ta haife ka ba ta taɓa faɗin sunanka ba, ɗan fari ne kai, sai dai ta ce yayanku, ko ta ce wancan. Ranar ta faɗe shi gatsau, kai kuwa a lokacin kana Abuja da 'ya'ya uku. Na kai ta asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Mutanen unguwa suka ce gigin tsufa ne ya zo da wuri. Ni dai ko me sunansa, a gidana ya sauka.

Mantuwar ba ita ce ta fi ba ni wahala ba, fitar ce. Sai ka ga ta yafa mayafi ta sa takalmi, ta ce za ta je gida, Inna na jiran ta. Gidan da take nufi na mahaifiyarta ne a Kwaciri, wanda aka sayar tun kuna ƙanana, aka rushe aka yi shaguna. Innar kuwa ta rasu kafin a haifi Zainab. In na gan ta, sai in lallashe ta ta zauna. In ban gan ta ba, shi ke nan ta tafi. Wata rana wani ɗan adaidaita da ya san mu ya tsince ta a tsakiyar Titin Ibrahim Taiwo, takalmi ɗaya a ƙafa, motoci na ta danna mata hon tana yi musu sannu. Da ya kawo ta ban iya ko yi masa godiya da kyau ba.

Da yamma kuka kira ni, ku biyu a waya ɗaya. Zainab kuka kawai take yi. Kai ne ka yi magana.

"Baba, a sa kwaɗo a ƙofa kawai. A kulle, makulli yana aljihunka."

Na ce, "In kulle Hajara? Da rana tsaka?"

"To in ba za a kulle ba, zan zo in ɗauke ta. Nan akwai maigadi, ba inda za ta je."

Na san gidan da kake nufi. Bene ne, hawa na uku, ba ka san sunan maƙwabcinka ba. Na kuma san gidanmu. Ƙofar nan ba a taɓa kulle ta da rana ba tun da muka tare. Ummanku mai kitso ce, kun taso kun ga tsakar gidan nan ba ya rabuwa da mata: mai kitso, mai jiran layi, mai aron turmi, mai ɗiban ruwa a rijiya, da wadda ba abin da ya kawo ta sai gulma. Ko da hannunta ya daina iya kitson, matan ba su daina zuwa ba. Na ce maka ka ba ni lokaci, zan nemo dabara a cikin sana'ata. Ka ce to, amma in aka sake tsintar ta a titi ba za ka ƙara shawara da ni ba. A kan haka muka rabu.

Na rufe shagona na Sabon Gari, na kwaso teburin aiki na kawo ƙaramin ɗakin nan na bayan gida. Ina so ku san irin gajiyar da na yi a watannin nan, don ba ku gani ba. Wanka nake yi kunnena na ƙofa. Salla nake yi rabin zuciyata na soro, Allah Ya yafe mini. In na ɗauki ƙarfen narka dalma zan liƙa waya, kafin ya yi zafi na leƙa tsakar gida sau ba adadi. Sauƙina ɗaya shi ne matan nan. In suka shigo suka zauna da ita, sai in samu in je masallaci, ko in miƙe bayana. Babbar cikinsu Hajiya Talatu ce, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, aminiyar Ummanku tun suna amare. Kullum bayan azahar tana nan, a kwano ɗaya suke cin abinci. Amma mata ba masu gadi ba ne, kowa da gidanta. Akwai safiya, akwai tsakanin fitar wannan da shigowar waccan, duk ni ne.

Wata rana na bar ta da Hajiya Talatu na shiga Sabon Gari wajen Emeka. Kun san shi, mai shagon kayan gyara da ke kusa da nawa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina na Abuja nesa ba kusa ba. Yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kai, Malam! Wa ya cinye maka nama haka? Jikin Hajiya ne?"

Na zauna na gaya masa komai. Ya jawo wata leda ya zazzage a kan kanta. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne, kowanne bai fi akwatin ashana ba: ɗan koren faranti, a samansa farar roba mai tudu kamar rabin ƙwan zabo, a ƙasansa ƙafafu uku.

"Sensa ke nan," in ji shi. "Yaran makarantun fasaha ne ke saye, su haɗa fitilar da ke kunna kanta, su kai wa malaminsu ya ba su maki. Ɗumin jikin mutum take ji in ya motsa a gabanta. In ka tsaya cak ba ta san da kai ba. Kana giftawa za ta ba da wuta a ƙafar tsakiyar nan. Abin da za ka haɗa a wajen kuma ya rage naka, fitila ko ƙararrawa."

Na juya ta a hannuna. Akwai wasu 'yan maɓallai biyu da ake murɗawa da bakin sukundireba, ɗaya na nisan da za ta ji mutum, ɗaya na tsawon lokacin da za ta riƙe wutar. Shekara da shekaru ina cikin wayoyi, amma ban taɓa kula da ita ba, don ni mutumin rediyo ne. Emeka ya ƙara mini da cewa in na kunna ta in ba ta ɗan lokaci ta natsu, kada in ga tana ta kunna kanta da farko in ce ta lalace. Ya kuma ce ta fi jin mai giftawa ta gefe a kan mai tahowa kai tsaye, don haka in sa ta a gefen hanya, ba a gaba ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce tasa mahaifiyar ma haka ta yi a ƙauyensu kafin ta rasu, ya ce Allah Ya ba ni haƙuri.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan. A duk shekarar, shi ne abu na farko da na sa hannu na ga ya yi yadda nake so. Na haɗa ta da batir don kada a ɗauke wuta ta mutu, na ja waya ta bi bango har ɗakin aikina, na sa ƙararrawa mai ƙarfi da za a ji ko daga banɗaki. Sai kuma aka shiga rigima. Magen gidan nan ta wuce, ƙirrr. Kajin maƙwabta su shigo kiwo, ƙirrr. Rana ta gasa labulen soro, iska ta kaɗa shi, ƙirrr, in fito da gudu ba kowa. Na ɗaga ta zuwa daidai ƙirjin mutum, na rufe rabin farar robar da baƙin tef don ta daina jin ƙasa, na rage nisanta, na cire labulen gaba ɗaya. Idona ya yi rauni, amma sai da na daidaita ta. Daga ƙarshe ba abin da ke tayar da ita sai ɗan Adam a cikin soro.

Kuma ta yi aiki, wallahi ta yi. Tana kaɗawa in fito, in tarar da Ummanku a soro da mayafinta.

"Hajiya, ina zuwa?"

"Gida. Inna na jira."

"To bari in sa hula in raka ki."

Sai mu taka zuwa bakin layi, ta ga mai rake ko mai gyaɗa, ta manta da Kwaciri, mu dawo. Na fara barcin rana. Na fara wanka kamar mutum. Kai Auwalu har cewa ka yi a waya, "Baba injiniya!" Zainab ta ce a sa wata a ƙofar ɗaki ma. Na ji kaina ya yi girma, na ce na gama da wannan matsalar.

Abin da ban lissafa ba shi ne, na'urar ba ta san mai fita da mai shigowa ba. Ita dai jiki ya motsa. Ni kuma duk kaɗawa ɗaya ce a wajena, Hajara ce za ta fita, don haka da gudu nake fitowa yadda nake. Ku tuna yadda mata ke shiga gidan mutane a unguwar nan. Mace ta shigo soro, ta yi sallama, matar gida ta amsa daga ciki, ta wuce. Maigida ba ruwansa, in ma yana nan sai ya kawar da kai ya shige ɗakinsa. Haka aka saba tun kafin a haife ni. Yanzu kuwa mace na sa ƙafa, kafin ta buɗe baki ƙararrawa ta tsage, sai ga ƙaton tsoho ya faɗo soro da singileti, wani lokacin da kumfar sabulu a kunne, yana zare ido. Wata amarya da ta zo aron turmi har takalminta ta bari ta gudu. Na yi dariya a ranar. Da na san abin da ke tafe da ban yi ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Magana ta zaga unguwa, kun san mutanenmu: wai Malam Isyaku ya sa ido a bango, wai hoto yake ɗauka, wai yana ƙirga wadda ta shiga da abin da ta fita da shi. Wasu mazan suka hana matansu. Na tsaya a majalisa bayan la'asar na yi bayani har muryata ta dushe, na ce ba ta ɗaukar hoto, ba ta san fuskar kowa ba, ba ta fi makauniyar da ke jin ɗumi ba. Suka ce, "Haka ne, Malam, Allah Ya ƙara basira," suka koma gida ba abin da ya canza. Hajiya Talatu ce ta fi kowa daɗewa. Ran da ta gaji, a soron ta tsaya, ƙararrawa na kaɗawa a kanta, ta jira na fito.

"Malam, kashe abin nan mu yi magana."

Na kashe.

"Ni na yi wa Hajara wankan jegon Auwalu. Ni na raka ta asibiti haihuwar Zainab kana Legas sayen kaya. Duk shekarun nan sallamata ce ke shigar da ni gidan nan, Hajara ta amsa, in wuce. Yau kafin in ce assalamu alaikum ƙarfe ya riga ya kai ƙarata, namiji ya fito yana duba ni. Ni ɓarauniya ce, ko akuya?"

Raina ya ɓaci, don a gajiye nake. Na ce, "Haba Hajiya! Don ƙawarki fa aka sa. So kike mota ta take ta?"

"Allah Ya kiyaye. Amma ni na girmi a yi mini haka. Ran da ka cire, ka aiko a gaya mini."

Na yi fushi da ita sosai, na ce a raina wannan wace irin aminiya ce. Amma na yi ƙoƙari. Na rage ƙarar har ta koma kamar kukan tsuntsu. Na canza ta da jar fitila a ɗakin aikina, sai ya zama in na juya baya ko na shiga wanka ban gani ba, dole na mayar da ƙararrawar. Na koma wajen Emeka, ya ce akwai yadda ake sa guda biyu a jere, a haɗa su da wani ɗan faranti da ake ba umarni ta kwamfuta, sai ya gane wanda ya fara giftawa ta ciki da wanda ya fara ta waje. Ya ce zai samo wanda zai tsara mini. Na je na gaya wa Hajiya Talatu ta kan katanga cewa za a gyara, ba za ta ƙara kaɗawa don mai shigowa ba. Ta ce, "Malam, ba ƙarar ce kaɗai ba. Muddin farin idon nan na bango, ba mai wucewa ta gabansa. Ni ko na yarda, sauran mazansu ba za su yarda ba." Daga nan sai ta koma miƙo abinci ta kan katanga, tana kiran Hajara, Hajara. Ummanku ta ji murya ba ta ga fuska ba, sai ta firgita ta shige ɗaki.

Gidan ya yi tsit. Ban taɓa sanin tsakar gidan nan na da faɗi haka ba. Ummanku ta daina ɓata, wannan gaskiya ne, ko sau ɗaya ba a sake tsintar ta a titi ba. Har ma ta daina zuwa soron, don ƙarar na ba ta tsoro, sai ta tako ta tsaya daga nesa ta koma. Ku kuna can kuna murna, kullum a waya alhamdu lillahi. Ni ina nan ina kallon abin da ke faruwa. Ta shimfiɗa tabarma ta fuskanci ƙofa tun safe. In na kawo abinci ta ce a ajiye sai Talatu ta zo. In zauna in ci tare da ita, ta kai loma biyu ta janye hannu, don ita a duniyarta mace ba ta haɗa kwano da miji da rana. Zannuwanta suka yi mata yawa. Maganarta ta ragu, daga hira ta koma e da a'a, daga nan ta koma kallo. Na gaya maka a waya ta rame, ka ce ai ciwon ne, likita ma ya faɗa. Wataƙila ciwon ne. Amma ni na san ranar da ramar ta fara.

Wata la'asar ina zaune kusa da ita ina gyara wata rediyo a cinyata, sai na ji ta ce, "Malam." Muryarta ce ta da, sak, wadda na daɗe ban ji ba. Na ɗago.

"Malam, mutuwa na yi ba ku gaya mini ba?"

Na ce, "Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan, Hajara?"

"To na ga ba mai shigowa. Na ce ko an gama zaman makokin ne kowa ya watse."

Ta mayar da idonta ƙofa. Ba kuka take ba, tambaya ce kawai ta yi, tana jiran amsa. Na ajiye rediyon, na ɗauki sukundireba na shiga soro. Na san abin da nake yi. Na san titi na nan, motoci na nan, Kwaciri na nan a kanta. Na san barcin ranata ya ƙare. Na tsaya a gaban abin nan da na sha wahalar daidaitawa, na kwance shi, na naɗe wayar tun daga soro har ɗakin aiki. Sannan na je jikin katanga na ɗaga murya na ce, "Hajiya Talatu, an cire."

Ban ɓoye maka ba, Auwalu, a ranar na kira ka. Ka tuna abin da ka ce?

"Baba, saboda gulmar matan unguwa za ka sa ran Umma a haɗari?"

Na ce, "Zo ka gan ta, sannan ka yi magana."

"Aiki ya riƙe ni. Amma wallahi in wani abu ya same ta, kai ne."

Na ce na ji, na ɗauka. Ka ce za ka zo ka tafi da ita ƙarshen wata. Ƙarshen watan ya zo ya wuce, wani ma ya wuce. Ban faɗi wannan don in ci maka fuska ba, na san aiki, na san iyali. Na faɗa ne don haka aka yi.

Washegari Hajiya Talatu ta shigo da sallamarta, da kwanon ɗanwake. Ummanku ta amsa sallamar tun kafin ta gane mai yin ta. Cikin 'yan kwanaki sauran suka dawo, har da amaryar nan mai takalmi. Tsakar gida ya koma yadda yake, surutu, dariya, faɗan yara, ƙarar taɓarya. Ummanku ba ta warke ba, kada ku ce na ce ta warke. Tana kiran Talatu da sunan Innarta, tana tambayar labarin mutanen da suka daɗe a kabari. Amma tana ci. Tana gyara wa masu kitso tsaga, tana cewa wannan ta karkace. Rannan har waƙar daka na ji ta tana yi. Ni kuwa na koma gidan jiya: wanka da kunne a ƙofa, salla da rabin zuciya, ƙafafuna suka kumbura, na fara jin jiri in na miƙe. Sau da yawa na kamo ta a bakin layi. Haka muka ci damina muka shiga kaka.

Ranar wata Juma'a ce. Na tafi masallaci na bar ta da Hajiya Talatu. Wannan ban taɓa gaya muku ba, na bar ku kuna zaton barci nake, saboda Talatu tana raye a lokacin kuma abin ya riga ya karya ta. Yanzu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba mai iya zuwa ya yi mata magana. An ƙwala mata kira daga gidanta cewa tukunya ta kama da wuta, ta leƙa ta kashe ta dawo, ba ta tarar da kowa a tabarma ba. A hanyar Kwaciri aka samu Ummanku, ta zame ta faɗa kwata, ƙashin ƙugunta ya karye. Za ku tambaya, da ƙararrawar na nan da Talatu ta ji daga gidanta? Da ta ji. Ƙarar na tsallake katanga. Na sani, ba sai wani ya lissafa mini ba.

A asibiti ka same ni a baranda, Auwalu. Ko gaisawa ba mu yi ba ka ce, "Ai na faɗa." Ka kuwa faɗa ɗin. Likitoci suka yi abin da za su iya, suka ce a koma gida da ita. Ba ta sake takawa ba. Makonnin da suka rage mata a ɗakinta ta yi su, ɗakin kuwa ba masaka tsinke, mata ne wannan ta fita waccan ta shigo, ana yi mata fifita, ana ba ta kunu a cokali, ana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya saki. Da hantsi ta cika, kanta a cinyar Talatu, ana laƙƙana mata kalmar shahada. Ni ina bakin ƙofa, don ba wurin da zan tsaya a ciki.

To kun ji. Da na bar abin nan a bango, wataƙila da ta ƙara shekara, wataƙila biyu, a kan tabarma tana kallon ƙofa tana zaton an riga an binne ta. Na zaɓar mata ɗayan, na kuma san abin da na biya: ita, da kai Auwalu, da ba ka sake kwana a gidan nan ba sai dai ka sauka a otal ka zo gaisuwa. Ina kewarta, ina kewarka, kuma na gaji. Amma da za a mayar da ni la'asar ɗin nan, sukundireban zan sake ɗauka.

Watan jiya ka aiko wani mutum da kwali, wai zai sa mini kyamara a tsakar gida da sensa a soro, irin na zamani da ke aika saƙo wayarka har Abuja. Zainab ce ta gaya maka na bar shayi a kan wuta har butar ta ƙone, na kuma kira ta da sunan Ummanku. Ba ta yi ƙarya ba. Ni ma na lura, na fi ku sanin yadda abin nan ke farawa, shi ya sa nake sauri in gama rubutun nan. Mutumin na ba shi ruwa ya sha, na sa ya mayar da kwalinsa mota. Ina roƙon ku tun ina gane sunayenku, kada ku sa mini. Ku bar ƙofar a buɗe, ku bar mutane su shigo da sallamarsu. In kuna tsoron kada in fita in ɓata, soron yana nan, da tabarma a ciki. Ɗayanku ya zo ya zauna.